Shin mai kiran ruhin matattu da gaske yake jin su?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta ce mahaifinta ya rasu wata takwas da suka wuce. Ta je wurin wani mutum da ke iƙirarin yana jin muryar matattu yana isar da saƙonsu. Ya ambaci harafin farko na sunan mahaifin, ya ce ciwon ajalinsa a ƙirji yake, ya kuma yi maganar wani agogo da ya bari. Duka uku sun yi daidai. Ta fito tana hawaye, amma daga baya zuciyarta ta kasa natsuwa, ga shi ya ce ta dawo zama na biyu. Tana so ta san ko akwai hanyar gane gaskiyar lamarin.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, 'yar'uwa, ya ba ku haƙurin rashi. Wasiwasin da kike yi yana kan hanya, kuma akwai yadda ake auna wannan abu ba tare da dogaro da jin zuciya ba. Ma'aunin guda ɗaya ne. Ba a tsayawa kan cewa mutumin ya faɗi daidai. Abin da ake tambaya shi ne, wannan daidai ɗin, da akwai wata ƙofa ta duniya da zai iya shigowa ta cikinta? Sama da shekara 170 ana gwada masu wannan sana'a, kuma abin da ke maimaita kansa shi ne duk lokacin da aka toshe ƙofofin nan da kyau, sai muryar matattun ta dushe.

Mu fara da abubuwanki uku, domin su ne suka taɓa ki.

Harafi. A ɗauka, don misali kawai, akwai harafin da suna ɗaya cikin goma ke farawa da shi. Idan kina da mamata goma a dangi, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai wannan harafi ta kai kashi 65 cikin ɗari. Idan aka buɗe ƙofar ta haɗa da rayayyu har mutanen suka kai ashirin, ta haura kashi 87. Kuma da wuya mai kiran ya tsaya kan harafi ɗaya. Zai ce "ina jin M, ko kuwa N ce," sannan ya bar miki aikin cike gurbin. Idan a zauren taro ne mai mutum 300, kowa da mamatansa goma, to matattu 3,000 yake jefa wa ƙugiya. Dole wani ya ɗaga hannu.

Ƙirji. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su kaɗai ke ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen da ke mutuwa a duniya. Ki ƙara ciwon huhu, tarin fuka, asma, kansar huhu da ta mama, duk a ƙirji suke. Ko wanda hatsarin mota ya kashe, idan aka ce "numfashinsa ya yi nauyi a ƙarshe," iyalinsa za su gyaɗa kai. Wannan kalma tarko ce mai faɗin baki.

Agogo. Dattijo nawa ne ya mutu bai bar agogo ba? Haka zobe, tabarau, tsohon hoto, akwatin takardu da ba a buɗe ba tun bayan rasuwa. Da ya faɗi kamfanin da ya ƙera agogon, da abin da aka rubuta a bayansa, da aljihun da yake ciki yanzu, kuma ba ki taɓa gaya wa kowa ba, da sai a gyara zama.

Wannan dabara, wadda ita ce ƙofa ta farko, za mu kira ta lalube. Masanin halayyar ɗan Adam Ray Hyman ya warware sassanta a rubuce tun 1977, kuma shi kansa ya yi duban tafin hannu yana saurayi, don haka ya san ta daga ciki. Mai lalube yana jefa magana mai faɗi, ya zuba wa fuskarki ido. Idan gira ta motsa ko ido ya ciko, ya bi nan. Idan kin yi shiru, ya sulale zuwa wani batu kamar bai ce komai ba. Yana yin tambaya cikin rigar bayani: "Ba a asibiti ya rasu ba, ko?" Kika ce a gida ne, ya ce "haka na gani." Kika ce a asibiti ne, ya ce "shi ya sa nake ta jin warin magani." Kowace amsa tasa ce. Yana kuma haɗa hali da kishiyarsa: "Mutum ne mai haƙuri, amma in ransa ya ɓaci kowa sai ya shiga taitayinsa." Wane uba ne wannan bai kama ba? In kuma ya yi kure ƙarara, yana da mafita a aljihu: saƙon na wani ne a dangi, ko za ki gane daga baya, ko ki je ki tambayi manya. Ta haka babu maganar da za ta taɓa zama ƙarya a gabanki.

Mafi cutarwa cikin dabarun ita ce mayar miki da kayanki. A minti na biyar kin ce "ai Baba direba ne." A minti na talatin ya lumshe ido ya ce "yana nuna mini doguwar hanya, da sitiyari a hannunsa." Bayan mako guda, abin da za ki tuna shi ne ya san sana'ar mahaifinki ba tare da an gaya masa ba. Ba wauta ba ce, haka ƙwaƙwalwar kowa take aiki, tana riƙe abin da ya dace ta zubar da sauran. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 takardar bayanin halinsu, kowa yana zaton tasa daban ce, alhali rubutu ɗaya ne da ya tsinto daga littafin taurari. Da aka ce su ba da maki daga sifili zuwa biyar kan yadda ya dace da su, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Waɗannan fa ba makoki suke yi ba. Mai sabon rashi ya fi su buƙatar maganar ta zama gaskiya nesa ba kusa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce satar amsa, wato ya san labarinki kafin ki zauna. Wani tsohon mai kiran ruhohi a Amurka, Lamar Keene, ya tona asirin sana'ar a 1976. Ya ce suna ajiye fayil a kan masu zuwa wurinsu, suna musayarsa tsakaninsu daga gari zuwa gari, suna lalube jakar mutum a cikin duhu, har su ɗauke ƙaramin abu su dawo da shi daga baya a matsayin kyauta daga lahira. Yau ba a buƙatar wannan wahalar. Suna da lambar waya sun isa. Sanarwar rasuwa, hotunan jana'iza, saƙonnin ta'aziyya da ke ambatar ciwon da sunayen 'ya'ya, duk suna intanet. A 2019 jaridar New York Times ta ba da labarin wasu masu bincike da suka ƙirƙiri shafukan Facebook na bogi da 'yan'uwa na bogi, suka tura mutum biyu taron wani sanannen mai kiran ruhohi da waɗannan sunaye. Ya tashe su a cikin taro yana isar musu da saƙo mai ɗauke da bayanan da aka ƙaga. An tsara abin ta yadda su biyun ba su san yawancin abin da aka rubuta a shafukan ba, don kada a ce zuciyarsu ya karanta. Sai ki tambayi kanki: wa ya haɗa ki da shi? Ita ƙawar da ta kai ki, me ta faɗa masa? Da wane suna kika kama layi? Minti nawa kika yi a ɗakin jira, kuma wace ce matar nan mai fara'a da ta zauna kusa da ke tana jajanta miki?

Tarihin sana'ar kansa yana da abin faɗa. Salonta na zamani ya faro ne a 1848 a ƙauyen Hydesville da ke jihar New York, inda 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Margaret da Kate Fox, suka ce wani mamaci na amsa musu da ƙwanƙwasa. Abin ya bazu har Turai. Bayan shekara 40, a 1888, Margaret ta hau dandamali a birnin New York ta nuna wa jama'a yadda take fitar da ƙarar da gaɓar yatsan ƙafarta. Gaskiya ne ta janye maganar bayan shekara guda, tana cikin talauci, kuma magoya baya na kafa hujja da hakan. Amma janyewa ba ta goge abin da mutane suka ji da kunnensu daga ƙafarta ba.

Waɗanda suka biyo baya sun fi son duhu, kuma da dalili. Eusapia Palladino 'yar Italiya takan sa mutum biyu su riƙe hannayenta, ɗaya dama ɗaya hagu, amma kayan ɗaki su riƙa motsi. A Kambirij a 1895 aka gano yadda take yi: tana ta mutsu-mutsu tana matso da hannayen kusa da juna har mutanen biyu su koma riƙe da hannu ɗaya, ɗayan ya kuɓuta ya yi aiki. Helen Duncan 'yar Sikotilan takan fitar da wani farin abu daga baki ta ce jikin ruhi ne. Mai bincike Harry Price ya duba ta a 1931 ya ce yadi ne shara-shara da take haɗiyewa ta dawo da shi. A 1933 wata mata ta cafke "ruhin" wata yarinya a tsakiyar zama, sai ga singileti a hannu, kotu ta ci Duncan tarar fam goma. A lura da wani abu: tun da kyamarar da ke gani a duhu ta yawaita, ruhohi suka daina fitowa da jiki, suka koma magana kawai. Magana ba a cafke ta da hannu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce ta mamacin da bai taɓa rayuwa ba. Leonora Piper ta Boston ita ce wadda masu bincike suka fi girmamawa, har William James na Jami'ar Harvard ya ɗauke ta da muhimmanci. A 1909 masanin halayya Stanley Hall ya ƙirƙiri wata 'yar ɗan'uwa mai suna Bessie Beals, wadda babu ita a duniya, ya nemi a kira masa ita. Ta zo, ta yi magana. A 1972 wasu mutane a Toronto suka zauna suka tsara tarihin wani Bature na ƙarni na 17 da suka raɗa wa Philip, da gangan suka cusa kurakuran tarihi a ciki, suka yi ta zaman kiransa. Tebur ya fara ƙwanƙwasa yana amsa tambayoyi daidai da labarin da suka rubuta. Idan hanyar da ke kawo mahaifinki tana kuma kawo wanda ba a taɓa haifa ba, to ba daga kabari take ɗebo ruwa ba, daga masu zaman take ɗebowa.

Sai kuma abin da matattun ba sa taɓa kawowa. Harry Houdini, shahararren mai wasan rufa-ido, ya zauna da matar marubuci Arthur Conan Doyle a 1922, ta rubuta masa shafi 15 wai daga mahaifiyarsa. Saƙon cikin Ingilishi tsantsa yake, da alamar gicciye a samansa, alhali mahaifiyar tasa Bayahudiya ce, matar malamin Yahudawa, wadda Ingilishinta bai taka kara ya karya ba. Robert Thouless na Jami'ar Kambirij ya buga saƙonni a rufe cikin lambar sirri a ƙarshen shekarun 1940, ya ce bayan mutuwarsa zai turo mabuɗin ta bakin masu kiran ruhohi. Ya rasu a 1984. Babu wanda ya kawo kalmomin. Kwamfuta ce ta fasa ɗaya a 1995, ɗayan kuma a 2019. Kullum saƙon shi ne yana cikin salama, yana son ki, kada ki zargi kanki. Ba a jin lambar asusu, ko inda takardar fili take, ko cikakken suna a faɗa ɗaya. Abin mamaki ne a ce ruhi zai iya yin jimla goma kan ƙauna amma sunansa sai harafi-harafi.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai masu bincike, irin su Gary Schwartz na Jami'ar Arizona da Julie Beischel, da suka ce sun samu sakamakon da ya zarce dace. An soki ayyukan farko saboda mai kiran yana jin amsar wanda ya zo, kuma wanda ya zo ɗin ne ke ba da maki alhali ya san karatun nasa ne. Na baya sun fi tsauri, amma ba su zama abin da kowane ɗakin bincike zai maimaita ya samu ba. Da Ciarán O'Keeffe da Richard Wiseman suka yi nasu a Ingila, wanda aka buga a 2005, masu kira biyar suka yi wa mutum biyar karatu ba tare da sun gan su ko sun ji su ba, mutanen ba su fifita nasu karatun a kan na wasu ba. Gidauniyar James Randi, wani mai wasan rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin masu irin wannan iƙirari, ta ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai nuna irin wannan baiwa a gwajin da shi ma ya amince da sharuɗɗansa, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ɗauka.

Kada kuma a ɗauka kowa ɗan damfara ne. Da yawa sun yarda da kansu, sun koyi lalube ba tare da sun san suna yi ba, domin duk wanda ya fito yana kuka yana godiya ƙarin tabbaci ne a wurinsu. Jiki ma yana yaudarar mai shi. A 1853 masanin kimiyya Michael Faraday ya sa wasu 'yan alluna masu alama tsakanin hannun masu zama da teburin da ake cewa ruhohi ne ke juya shi, aka ga hannayen ne ke fara turawa, kuma da aka bar su suna kallon alamar sai teburin ya tsaya cik. Saboda haka hawayen mai kiran da tsarkin niyyarsa ba su tabbatar da komai game da inda maganar ta fito ba. Haka nan idan kina jin kamar mahaifinki na kusa, ko kin ji muryarsa, wannan sananne ne ga masu makoki. Likita Dewi Rees ya tambayi mutum 293 da suka rasa abokan aurensu a Wales, a binciken da ya buga a 1971, kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin haka. Ba ciwo ba ne, kuma ba ya buƙatar ɗan tsakani da za a biya.

Idan addini ne ma'auninki, nan ma ba a bar ƙofa ba. Alƙur'ani a Suratul Mu'minun, aya ta 99 da 100, ya ce akwai shamaki a bayan mamaci har ranar tashi, kuma hadisi a Sahihu Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Littafi Mai Tsarki a Kubawar Shari'a sura 18 ya fito fili ya hana tuntuɓar matattu.

Ga yadda ake tantancewa a aikace. Idan an naɗi zaman farko, ki rubuta shi kalma da kalma. In ba a naɗa ba, kada ki dogara da tunawa, ta riga ta gyara labarin. A rubutun, ki ja layi ƙarƙashin duk abin da ya fito daga bakinki, har da "eh" da "a'a". Sannan ki raba maganganunsa kashi huɗu: tambayoyi, maganar da ta dace da kusan kowa, takamaimiyar magana da ta yi daidai, da takamaimiya da ta kuskure. Daga kashi na uku ki cire duk abin da kika riga kika faɗa, da duk abin da ke intanet, da abin da wanda ya haɗa ku ya sani. Ki ƙirga saura. Daga nan ki goge sunaye ki ba mutum uku da suka rasa iyayensu maza su karanta, ki tambaye su kashi nawa ya dace da nasu uban.

Gwaji na sosai yana buƙatar mutum biyar masu mamata jinsi ɗaya kuma sa'o'in juna. Mai kiran ba zai gan su ba, ba zai ji sunansu ba. Wanda zai zauna da shi ya ɗauki maganar dole ya zama bai san mamatan ba, in ba haka ba fuskarsa za ta ba da amsa. A buga karatu biyar ɗin, a cire duk abin da ke nuna rana ko jeri, a ba kowa duka biyar ya zaɓi nasa shi kaɗai. Dace kawai zai ba kowa damar ɗaya cikin biyar, duka biyar su dace kuwa ɗaya ne cikin 3,125. Inda gwajin ke lalacewa sananne ne: a ba shi sunan mamaci, wanda ke tona shekaru da asali, a bar masu zaɓe su yi shawara, a yi gwaji sau shida a ba da labarin wanda ya yi kyau kaɗai, ko a bar shi ya fassara maganarsa bayan an ga sakamako. A rubuta abin da za a kira nasara tun kafin a fara, kowa ya sa hannu. Yawancin masu kiran a nan suke cewa ruhohi ba sa son shakka.

Game da zama na biyu, shawarata kada ki je. Illar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A 2004 wata mai iƙirarin jin matattu, Sylvia Browne, ta gaya wa wata uwa a talabijin a Amurka cewa 'yarta da ta ɓace ta mutu. Uwar ta rasu a 2006 da wannan baƙin ciki, aka kuma samu 'yar da rai a Cleveland a 2013, tana tsare a gidan wanda ya sace ta. Alamun da ke nuna an fara tatsa su ne a ce mamacin bai samu hutu ba sai an yi wani aiki, ko farashi ya riƙa hawa, ko a ce kada ki gaya wa 'yan gida, ko saƙon ya fara shiga rabon gado, aure, da barin maganin asibiti. Idan kuma zuciyarki ta nace sai kin koma, ki kama layi da lambar da ba a san ki da ita ba, kada ki je da hoto ko kayan marigayin, ki naɗi komai da saninsa, amsarki kada ta wuce "ci gaba." Ki tafi da tambaya ɗaya da wani babba a gidanku ya rubuta amsarta ya rufe a ambulan, wadda ke kanki ba ki sani ba, misali sunan da kakarku ke kiran mahaifinki da shi yana yaro. Ki sa ya faɗi amsar sau ɗaya, ki rubuta a gabansa, sai kin koma gida ki buɗe ambulan ɗin.